Tsohuwar Mota da Mai Walda: Abin da ke Ƙarƙashin Fenti

A ƙauyuka da yawa akwai tsohuwar mota guda wadda kowa ya san ƙararta tun kafin ta ɓullo. A wani wuri a-kori-kura ce ƙirar Peugeot, a wani wuri tsohuwar Land Rover ce da aka gada daga asibitin mishan, a wani wurin kuma babbar mota ce mai bodin katako. Ita ke kai masara da doya kasuwa. Ita ke kawo taki da damina, ita ke ɗaukar mace mai naƙuda da tsakar dare, ita ce kuma ke kai zumuntar mata taron gunduma. Ran da ta kwanta, gari duka sai ya ji a jikinsa.

In mota ta tsufa, hankalin mutane yakan koma kan inji: yana shan mai? Yana hayaƙi? Yana tashi da safe? Amma inji ana sauke shi a ɗora wani. Abin da ke kai mota bola shi ne jikinta, wato ƙarfen da ke riƙe da inji da tayoyi da mutanen da ke ciki. Saboda haka a wannan fitowa muna so mu duba aikin mai walda da na mai gyaran jikin mota, wanda aka fi sani da fanalbita. Ba don kowa ya zama mai walda ba ne. Amma in ikilisiya ko ƙungiyar manoma ta tara kuɗi don gyaran motarta, ya kamata a sami mutum biyu ko uku da za su iya bambanta gyara na gaskiya da kwalliya.

Motocin da suka ƙi mutuwa

An fara ƙera Peugeot 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Ta yi suna a Afirka saboda jure wa mummunar hanya, har ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975. A wannan shekara ce kamfanin Peugeot na Najeriya ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, aka kuma ci gaba da haɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Shi ya sa kayanta suka wadata a ƙasar nan, makanikai kuma suka san ta ciki da waje. Land Rover ta girme ta, tun 1948 ake yin ta. Babbar motar Mercedes mai guntun hanci da ake kira 911, danginta sun fara fitowa a 1959.

A Turai da Amurka irin waɗannan motoci sun zama kayan tarihi. A Faransa, mota in ta kai shekara 30 ana iya yi mata takarda ta musamman a matsayin motar tarihi. Akwai masu sayen ruɓaɓɓiyar mota su ajiye a gida, su yi shekaru suna yanke tsatsa suna walda a ranakun hutu, har ta dawo kamar sabuwa. Su don sha'awa suke yi, mu kuwa don bukata. Amma ƙarfe ɗaya ne, tsatsa ma ɗaya ce, kuma abin da suka koya a kan yadda faci ke daɗewa yana da amfani a gare mu.

Yadda tsatsa ke cin mota

Tsatsa tana bukatar abu uku: ƙarfe, ruwa da iska. In fenti ya raba ƙarfe da ruwa, ba za ta kama ba. In ta kama kuwa, takan kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta ɗaga fenti, ruwa ya ƙara samun hanya. Shi ya sa ɗan kumburin da muke gani a ƙasan ƙofa ba farkon ciwo ba ne. Sau da yawa tsatsar ta ciki ta faro, sai da ta huda ƙarfen kafin ta nuna kanta a waje.

Wuraren da ta fi so su ne inda laka ke maƙalewa ta daɗe ba ta bushe ba: saman tayoyi, ƙarƙashin tabarmar ƙasan mota, gindin ƙofofi, gefen gilashin gaba inda roba ta tsufa, da wurin zaman batir inda ruwan batir ke ɗiga. Kamfani yakan bar ƙananan ramuka a ƙasan ƙofa da cikin ginshiƙan mota don ruwa ya fita. In ƙura da laka suka toshe su, ƙofa ta zama tulu.

Kayan da muke ɗauka ma suna da nasu laifi. Takin zamani, gishiri, kanwa, da fitsarin dabbobi duk suna sa tsatsa ta yi sauri ƙwarai. Buhun taki ɗaya da ya fashe a bayan a-kori-kura, aka bar shi ruwan sama ya taɓa, ya isa ya fara ɓarna. Motocin da ake shigo da su na hannu daga Turai kuwa, da yawansu sun zo da ciwonsu, domin a can ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Samansu yana walƙiya, ƙarƙashinsu kuwa sai an leƙa.

Ba kowace tsatsa ce abin tsoro ba. Wadda ke sama-sama, in an goge da samfefa aka ga farin ƙarfe mai ƙarfi, fenti kawai take bukata. Wadda ta huda ƙarfe ko ta mai da shi ɓawo-ɓawo ba ta da magani sai yanka.

Fila ba ƙarfe ba ce

A nan ne ake cutar mutane da yawa. Fila wani ƙulli ne da ake haɗa shi da ɗan maganin da ke sa shi ya daskare, a shafa a jikin mota, a goge ya yi sumul kafin fenti. Tana da amfaninta. Bayan fanalbita ya buga lotsawa ta fito, ana shafa fila kaɗan don cike ƙananan ramukan da guduma ta bari. Kaurinta bai kamata ya wuce milimita 3 ko makamancin haka ba. Amma fila ba ta ɗaukar nauyi, kuma tana shan ruwa. In aka toshe rami da kwali ko ragar waya ko tsumma, aka lafta fila a kai, aka fesa fenti, mota za ta fito tana ƙyalli kamar amarya. Damina ɗaya ko biyu, ruwa ya shiga ta baya, tsatsa ta ci gaba da aikinta a ɓoye, filar ta tsage ta faɗo da fentinta. Kyan ɗan maciji ke nan.

Gane wannan ba wuya. A sami ɗan maganaɗisu mara ƙarfi sosai, a naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti, a bi jikin motar da shi. Inda ƙarfe yake, zai kama. Inda fila ta yi kauri, zai saki. A ƙwanƙwasa da ɗan yatsa kuma: ƙarfe yana amsawa, fila kuwa shiru take yi kamar an bugi bangon laka. Sai dai a tuna cewa jikin tsohuwar Land Rover na alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama shi ko da lafiyarsa ƙalau. A irinta, abin dubawa shi ne shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba, domin su ne na baƙin ƙarfe, su ne kuma ke ruɓewa.

Bayan haka a shiga ƙarƙashin motar da tocila da sukuddireba, a wuri mai faɗi, an sa wa tayoyi waigi. A tsokani duk inda ake shakka. Ƙarfe mai lafiya ba ya jin tsoron sukuddireba. In ta shige, to gara ta shige yau a gareji da a gane a kan hanya da lodi.

Wuta iri uku

Waldar gas ita ce ta tsofaffin fanalbita. Ana haɗa iskar oksijin da iskar da ke fitowa in an zuba wa kabaid ruwa, su ba da harshen wuta mai zafin da ya haura digiri 3,000, ƙarfen mota kuwa yana narkewa a wajen digiri 1,500. Injiniyoyin Faransa ne suka ƙirƙiro wannan bakin wuta a farkon shekarun 1900. Kyanta shi ne ba ta bukatar lantarki, kuma gwani yana iya haɗa siririn ƙarfe da ita ya yi laushi, ya kuma bugu da guduma. Aibinta shi ne zafinta yana bazuwa, sai faffaɗan ƙarfe ya karkace. Kabaid ɗin nan, af, shi ne wanda wasu ke nunar da ayaba da mangwaro da shi, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Wurinsa shagon walda ne, ba kwandon abinci ba.

Waldar lantarki ta sanda ita ce muka fi gani a bakin hanya, wurin masu yin ƙofa da taga. Tana da kyau ga ƙarfe mai kauri, irin shasi da bodin babbar mota. Amma jikin ƙaramar mota kaurinsa milimita 1 ne ko ƙasa da haka, kuma sandar walda takan huda shi kamar yadda garwashi ke huda leda. In mai walda ya ce zai yi facin ƙofa da sanda mai kauri, a yi hattara.

Ta ukun ita ce wadda ake kira MIG. Inji ne ke turo siririyar waya, iskar gas kuma tana rufe wurin don iskar waje kada ta ɓata narkakken ƙarfe. Ita masu gyaran motocin tarihi a Turai suka fi amfani da ita, domin tana da sauƙin sarrafawa a kan siririn ƙarfe. Tana bukatar wuta tsayayya da tukunyar gas, kuma iska mai ƙarfi tana kore gas ɗin, don haka ba a yin ta a fili lokacin hunturu. A manyan garuruwa an fi samunta.

Akwai kuma liƙi da jan ƙarfe ko farin tagulla, wanda wasu ke kira walda alhali ba ita ba ce. A nan ƙarfen motar ba ya narkewa, tagullar ce ke narkewa ta manne shi. Ana gane shi da launinsa na ruwan zinariya. Ya isa ga ƙananan abubuwa, amma ba ga wurin da ke ɗaukar nauyi ba. A Ingila, inda ake yi wa motoci gwajin lafiya na shekara-shekara da ake kira MOT, ba a karɓar irin wannan liƙi ko fila a sassan da ke riƙe da mota. Dokar gwajin ta kuma ce in tsatsa ta raunana ƙarfe a cikin santimita 30 daga inda aka ɗaure sitiyari, birki, sifirin ko bel ɗin kujera, motar ta faɗi. Wannan ma'auni ne mai kyau da za mu iya ara: kimanin tsawon rula ɗaya ta 'yan makaranta.

Yadda faci mai kyau yake

Gwani yakan fara da goge fenti kewaye da ramin har ya ga inda tsatsa ta tsaya. Kusan kullum ramin yakan fi yadda aka zata girma, kuma mai mota yakan ji ba daɗi. Amma ba a walda a kan tsatsa, ba ta kamawa. Sai ya yanke ruɓaɓɓen wurin duka har ya kai ƙarfe mai haske.

Daga nan ya yanka kwali daidai da ramin, ya ɗora a kan sabon ƙarfe ya fitar da faci. Ƙarfen facin ya zama kaurinsa ɗaya da na motar. Mafi kyau shi ne a yanko daga jikin wata matacciyar mota, kamar rufinta ko murfin injinta, inda tsatsa ba ta taɓa ba. A kasuwanni irin su Panteka a Kaduna ana samun irin wannan. Kwanon rufin ɗaki bai dace ba ko kaɗan: ya yi siriri, kuma an shafe shi da sinadarin zinki mai ba da hayaƙi mai sa ciwo. Gwangwani da tsohon allon talla ma haka.

Faci iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗora shi a kan ramin ya haye gefe, akwai wanda ake shigar da shi cikin ramin baki da baki. Na farko ya fi sauƙi da sauri, amma tsakanin ƙarfe biyun da suka haye juna akwai ɗan lungu inda ruwa ke kwana, daga nan sabuwar tsatsa ke tashi. Na biyu ya fi wuya, ya fi cin lokaci, ya kuma fi daɗewa. In dole ne a yi mai hayewa, kamar a ƙasan mota, to a yi masa walda kewaye duka, a kuma toshe bakin ta ɗaya gefen.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne haƙuri da zafi. Ƙarfe in ya yi zafi yana buɗewa, in ya huce yana tsukewa fiye da yadda yake da farko, sai ya ja na kusa da shi. Wanda ya ja walda doguwa a kan ƙofa a tashi ɗaya, zai ga ƙofar ta yi tudu da kwari. Gwani yakan ɗiga walda nan, ya tsallaka can nesa ya ɗiga, ya bar wurin ya huce, ya dawo ya ɗiga a tsakani, har ɗigon ya haɗu ya zama layi ɗaya. Tsakanin haka yana tokare bayan ƙarfen da dunƙulen ƙarfe mai santsi, yana bugun waldar a hankali da guduma don ta saki. Aiki ne mai cin yini. In muka tsaya a kansa muna cewa gobe kasuwa, mu ne muka tura shi ga fila.

Walda mai kyau ana ganin alamarta ta baya, domin zafi ya ratsa ƙarfen duka. Wadda ta taru a sama kamar kashin kaji, da ƙananan ramuka a jikinta, zaune kawai take a kan ƙarfen. Kuma in an gama, dole a shafe gaba da baya. Nan ne ake yawan yin sakaci: a fenta inda ido ke gani, a bar bayan facin tsirara, alhali wuta ta ƙone duk abin da ke kare shi. Ƙarfen da aka yi wa walda yana fara tsatsa cikin 'yan kwanaki. A sa jan fentin hana tsatsa a kowane gefe, a kuma shafa giris ko a fesa mai mai kauri a cikin lungunan da buroshi ba ya kaiwa.

Shasi, ƙashin bayan mota

Motoci kashi biyu ne. Babbar mota, Land Rover da Hilux suna da shasi dabam, dogayen ƙarafa biyu kamar tsani, jiki kuma a kansu yake zaune. A irin waɗannan, ƙofa ko gefen bodi in ya ruɓe abin kunya ne kawai. Amma ƙaramar 504 da yawancin ƙananan motoci ba su da shasi dabam. Jikin da kansa shi ne ƙashi. Ƙasan motar, ginshiƙan ƙofofi da dogon bututun da ke ƙarƙashin ƙofofi su ke riƙe komai. Ramin da muke rufewa da katako a ƙarƙashin ƙafar direba, a irin wannan mota, karaya ce.

Shasi yakan tsage saboda lodi fiye da kima da mummunar hanya, yawanci a bayan ɗakin direba ko kusa da maɗaurin sifirin. Ƙara ganyen sifirin don a ɗauki buhu da yawa ba ya ƙara wa shasi ƙarfi, sai ma ya tura masa dukan hanya kai tsaye. In tsaga ta fito, ja mata walda a sama ba ya isa. Gwani yakan sauke lodi, ya tokare motar ta daidaita, ya huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya fafe bakinta, ya cike da walda, sa'an nan ya ɗora farantin ƙarfe mai kaurin shasin. Farantin yakan yi masa tsini a gefe biyu kamar kifi, domin in aka ja walda a miƙe daga sama zuwa ƙasa, sabuwar tsaga takan fito daidai gefenta. Leɓen sama da na ƙasa na shasi su ke ɗaukar mafi yawan nauyi, ba a huda su, ba a kuma ratsa su da walda barkatai. Wasu manyan motoci na zamani ma an gasa ƙarfen shasinsu ta hanya ta musamman, kamfani yakan manna gargaɗi cewa kada a yi masa walda sam.

Akwai sassan da ba a yi musu walda ko da wane gwani ne: sandunan sitiyari, ganyen sifirin, bututun birki, da ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Zafi yana canza halin ƙarfensu, sai su karye farat ɗaya ba gargaɗi. Waɗannan sauyawa ake yi. Mun san kuɗi yana wuya, amma araha ba ta ado, balle a motar da ke ɗaukar mutum goma sha biyar.

Tanki da gobara

Tankin fetur da babu kome a ciki ya fi cikakke haɗari ga mai walda. Ba ruwan fetur ne ke fashewa ba, tururinsa ne in ya gauraya da iska. Kashi 2 cikin 100 na tururin fetur a cikin iska ya isa. Tankin da ya yi watanni a ajiye yana iya riƙe wannan tururi a lungunansa, kuma ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da shi. Haka duro da aka taɓa zuba mai ko sinadari a ciki. Shawararmu ita ce tankin da ya huje a nemi wani. Haka kuma ba a yi wa ƙarfen taya walda alhali tayar tana jikinsa, ko da an sace iskar, domin zafi yana sa robar ta fitar da gas a ciki, ta fashe bayan an ɗauka an gama.

Kafin a kunna wuta a jikin mota, a cire kan batir. A manna wayar ƙasa ta injin walda kusa da inda ake aiki, don kada wuta ta bi ta cikin boris da wayoyin mota ta ƙone su. A fitar da kujeru, soso da tabarma. A leƙa bayan wurin a ga ko bututun mai, na birki ko wayoyi sun bi ta nan. A ajiye bokitin yashi da na'urar kashe gobara, a share busasshiyar ciyawa, musamman da rani. Bayan an gama, wani ya zauna kusa da motar aƙalla rabin awa, domin soso yakan ci wuta a ɓoye.

Masu tukunyar kabaid kuma su sani gas ɗinta ba ya son matsi, kuma ba a haɗa masa bututun jan ƙarfe. Mai ko giris kada su taɓa bakin tukunyar oksijin, domin suna kamawa da wuta da kansu. In ana neman inda gas ke yoyo, ruwan sabulu ake shafawa, ba ashana ba.

Idon yaronmu

Iyaye da yawa a ikilisiyoyinmu sun kai 'ya'yansu koyon walda, kuma sana'a ce mai kyau mai ci da gida. Amma mu dubi yadda yaran ke aiki. Wani da baƙin tabarau na kasuwa, wani yana kare fuska da tafin hannu, ƙanana kuma suna tsaye suna kallon tartsatsi.

Hasken waldar lantarki yana ƙona fatar ƙwayar ido. Ba a ji nan take. Sai bayan awa 6 zuwa 12, yawanci da dare, yaro ya farka yana jin kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya kallon fitila. Yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, amma abin da ake ɗiga masa a gida ne ke jawo makanta: ruwan gishiri, ruwan albasa, nono, fitsari, ruwan batir. Kada a sa ko ɗaya. A rufe idon da ƙyalle mai tsabta mai sanyi, a zauna a duhu, a je asibiti in ciwon ya yi tsanani ko ya wuce kwana ɗaya. In ɓarɓashin ƙarfe ne ya shiga lokacin goge walda, kada a murza, kada a cire da tsinke ko maganaɗisu. A tafi asibiti a ranar, domin ƙarfe yana yin tsatsa a cikin ido.

Gilashin walda yana da lamba. Na lantarki yana bukatar wajen lamba 10 ko sama da haka, na gas kuwa wajen lamba 5. Tabaran rana ba ya cikin lissafi. Garkuwar fuska ba ta kai kuɗin buhun masara ba. Iyaye su saya wa yaro tasa ran da za su kai shi, tare da farin tabarau na goge ƙarfe, safar hannu ta fata da takalmi rufaffe. Tufafin leda suna narkewa a jiki, na auduga ya fi.

Hayaƙi ma ba abin wasa ba ne. A 2017 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Hayaƙin ƙarfe mai zinki kuma yana kawo zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon jiki bayan 'yan awoyi, har a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Shan madara ba ya hana shi, ko da yake masu walda da yawa sun gaskata haka. Abin da ke hanawa shi ne a goge zinki da tsohon fenti kafin walda, a yi aiki inda iska ke wucewa, a kuma kau da kai daga hayaƙin. Injin walda mai tsirarun wayoyi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa, da damina, yana iya kashe mutum.

Kafin a ba da kuɗi

In dattawa suka yanke shawarar gyara mota, a tafi gareji mutum biyu, ɗaya ya zama direban. A nemi ganin motar da mai gyaran ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce, ba wadda ya gama jiya ba. A yi yarjejeniya a rubuce, a raba aikin kashi uku: yanka da walda, sa'an nan fila, sa'an nan fenti. A ce masa ba za a shafa kome ba sai mun zo mun ga waldar tsirara, gaba da baya. Mai aikin kirki ba ya jin haushin wannan, yakan ma yi alfahari ya nuna. A biya kuɗi kashi-kashi bisa ga haka, a kuma ɗauki hoto da waya a kowane mataki don a nuna wa jama'ar da suka ba da gudummawa.

In kuɗi bai isa a yi duka ba, a fara da shasi, maɗauran sifirin da sitiyari, da ƙasan mota. Fenti mai ƙyalli ya jira shekara mai zuwa. Mota mai jan faci nan da can ba ta da kyan gani a harabar majami'a, amma za ta kai mara lafiya asibiti.

Wani lokaci kuma amsar ita ce a haƙura. In sukuddireba ta shige shasi a wurare da yawa, ko shasin ya karkace har mota na tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa, ko an yi faci a kan faci har babu lafiyayyen ƙarfen da za a kama, to a sauke inji da giya da duk abin da ke da amfani, a sayar da sauran ga masu gwangwan.

Wadda aka gyara kuwa, a riƙa wanke ƙarƙashinta bayan tafiya cikin laka, a buɗe ramukan fitar ruwa da tsinke, a ɗaga tabarma ƙasan ya sha iska. A shimfiɗa tamfol kafin a loda taki ko gishiri, a wanke bayan motar a ranar da aka sauke. A ƙarshen kowace damina, direba da mutum ɗaya daga kwamiti su sake shiga ƙarƙashinta da tocila da sukuddireba.